Albasar fure: iya ina ruwan zai tsaya?

[Hoto: kwalaben gilashi biyu a kan tebur, ɗaya da fure, ɗaya da baƙin ruwa.]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kwalaben nan biyu da kyau. Daga leda ɗaya suka fito, rana ɗaya na dasa su, taga ɗaya suka zauna a nan gidanmu na Agege. Ta dama ga ta nan, fure fari tas. Ta hagu kuwa, ku gode wa Allah da waya ba ta ɗaukar wari. Ƙanwata mai riƙe da kyamara tun ɗazu mayafi ne a hancinta.

Tun da bidiyon furen nan na paperwhite, wanda ake dasa albasarsa a kwalbar ruwa, ya fara yawo a TikTok da Instagram, kusan saƙo iri ɗaya nake samu: "Anti, na saya da tsada, na sa a ruwa yadda aka nuna, ya ruɓe." Wasu sun ce an sayar musu da matacce, wasu sun ɗora wa zafin Legas. Zafin yana da nasa laifin, za mu zo kansa. Amma abin da ya raba kwalaben nan biyu ruwa ne da bai kai faɗin yatsa biyu ba.

[Hoto: hannu yana jujjuya albasar furen.]

Sunansa da sauri. Turawa suna ce masa paperwhite, wato fari kamar takarda, kuma da wannan sunan za ku neme shi wajen saye. Dangin furen da Larabawa ke kira narjis ne. Asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Sifen, Fotugal, Maroko da Aljeriya. Mutanen ƙasashen sanyi suna dasa shi a ɗaki ne don su ga fure a lokacin da waje ya bushe ƙaf. Daga dasawa zuwa fure mako 4 zuwa 6, saboda haka mai son ya gan shi a ƙarshen Disamba, ya dasa a tsakiyar Nuwamba.

Kun ga yadda ya yi kama da albasa? Ba albasa ba ce, kuma guba ce, daga gindi har fure. Mai ci zai sha amai da ciwon ciki, mutum ko mage ko akuya. Ranar da nawa suka iso na ajiye su a kicin, sai ji na yi Hajiyarmu tana cewa, "Ke, wace irin albasa kika sayo marar ƙamshi?" Wuƙa na hannunta. Tun daga ranar ba su sake kwana kusa da kayan miya ba.

Firiji kuma ku bar shi. Wanda kuka gani ana sa wa a firiji na makonni, albasar wani fure ce mai suna tulif da ire-irensa. Wannan ba ya bukatar sanyin nan kafin ya yi fure, shi ya sa ma mu 'yan Legas muke da rabo a cikinsa.

[Hoto: ana zuba tsakuwa a kwalba.]

Tsakuwa wankakkiya, zurfin santimita 5 zuwa 8. A jera albasar a kai, tsini sama, gindi ƙasa, kusa da juna. A ƙara tsakuwa kaɗan a gefe don ta riƙe su. Ba ƙasa, ba taki. Shi ke nan, kun gani da idonku.

To, yanzu ruwa. Nan zan zauna, duk mai gaggawa ya yi haƙuri.

[Hoto: an raba albasa ɗaya gida biyu, kyamara ta matso.]

Na sadaukar da guda ɗaya domin ku, kuma Allah ya sani ta yi mini ciwo a aljihu. Safar hannun nan ba ado ba ce, ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi. Matso kusa, ƙanwata. Kun ga ɗan abin nan a tsakiya, mai launin kore-kore? Furen ke nan, ya riga ya haɗu tun kafin a sa shi a leda. Waɗannan fararen ɓawon da suka lulluɓe shi kuwa rumbu ne, abincin da zai ci har ya buɗe. Sai ku dubi can ƙasa, wannan ɗan faifan mai tauri mai kamar gemu busasshe. Daga nan kaɗai saiwa take fitowa. Daga nan kaɗai yake shan ruwa. Duk abin da ke saman faifan nan ba ya sha, jiƙa kawai yake yi, kuma rumbun da ya jiƙa kun san ƙarshensa.

Ba sai na kawo muku wani littafi ba. Ku je kasuwar Mile 12 ku tambayi kowane Baba da ke sauke albasa daga Aliero, me ke faruwa da buhun da ruwan sama ya daka a hanya? Ko tambayar ba za ku ƙarasa ba zai nuna muku tsibin da aka zubar a gefe. Halittarsu ɗaya da wannan.

Saboda haka ruwa zai hau ta cikin tsakuwa har ya kusa taɓa faifan, sai ya tsaya. Idan ya ɗan shafi gindin kaɗan, ba laifi. Idan ya hau jiki, an yi ɓarna. Ni na fi son in bar ɗan tsakani kamar kaurin tsinken tsintsiya, domin saiwa da kanta take bin danshi ta gangara. Ba sai an kai mata ruwa har baki ba.

[Hoto: ana zuba ruwa a hankali ta gefen kwalba.]

Ku lura ta gefe nake zubawa da butar shayi, ban kwarara a kansu ba. Kuma wannan ne dalilin da nake nacewa a kan gilashi. Kwanon tangaran mai zane ya fi kyau a falo, na yarda, amma ba ki ganin cikinsa, sai dai ki yi ta zato. Da gilashi, ki sa alƙalamin maka ki ja layi daidai inda ruwan ya tsaya. Layin nan shi ne dokarki. Kowace safiya ki leƙa, idan ya sauka ki cike zuwa layi, ki tsaya.

Abin da ke rikita mutane shi ne bidiyon da kuke gani yawanci na ƙasashen sanyi ne. A can idan mutum ya ɗan zarce da ruwa, sanyi yana rufa masa asiri na kwanaki. A nan ruwan kwalba ɗumi gare shi dare da rana, ƙwayoyin da ke ruɓar da abu kuma ɗumi suke so. Kuskuren da za a yafe wa mutumin Landan, mu ba a yafe mana.

Kwalbar hagun nan tawa ce, ba ta wani ba. Tafiya ta kama ni ta kwana uku, sai tausayi ya kama ni, na ce kada su ji ƙishi, na cika ruwa har rabin jikinsu. Na dawo na tarar da ruwa ya yi kauri kamar kunun tsamiya, na taɓa ɗaya yatsana ya nutse. Da na bar su yadda suke, da ba abin da ya same su.

[Hoto: fararen saiwoyi a jikin gilashi.]

Da zarar saiwa ta fito ta shiga cikin tsakuwa kamar haka, ki ma sauke layin ƙasa kaɗan. Saiwa a ruwa, jiki a bushe. Wadda ta yi laushi ko ta fara wari, a cire ta nan take kafin ta shafa wa sauran, a wanke tsakuwar. Kuma tun da Legas muke, ruwa a tsaye gayyatar sauro ne. Duk bayan kwana uku ko huɗu, ki dafe su da tafin hannu, ki karkata kwalbar, ki zubar da tsohon ki zuba sabo.

Sauran a gurguje. Makon farko ko na biyu a ajiye su inda ba haske sosai, sai a kai su taga mai haske amma ba ranar tsaka ba. A riƙa juya kwalbar, in ba haka ba duk za su karkata gefe ɗaya kamar fasinjojin motar danfo a kwana.

Zafi kuma, gaskiya ɗaya ce. Furen nan ya fi son digiri 10 zuwa 18, mu kuwa ko a hunturu rana tana kai mu 30 da ɗoriya. Zai yi tsayi da sauri, ya yi siriri, furen kuma ba zai daɗe kamar na cikin hotuna ba. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne nasa. Mai iyakwandishan ya ci riba, idan an bar masa wuta.

[Hoto: dogayen ganye sun kife a kan tebur.]

Maganin wannan kifewar ya fito daga Jami'ar Cornell ta Amurka a 2006, inda William Miller ya nuna cewa ruwa mai barasa kashi 4 zuwa 6 cikin 100 yana rage tsayin da kusan kashi ɗaya cikin uku, furen kuma bai ƙanƙance ba. Kafin malamai su cika mini akwatin saƙo, ban aiki kowa shagon giya ba. Sifirit na kemis da ake goge ciwo da shi yana yi. A duba jikin kwalba, idan mai kashi 70 ne, murfi 1 a murfi 11 na ruwa. Sai tsiron ya kai santimita 3 zuwa 5 ake fara ba shi, kuma idan haɗin ya wuce kashi 10 zai ƙone shi. Wanda bai son wannan lissafin ya kafa tsinke ya ɗaure da zare. Haɗin sifirit ɗin ma har layi ake zubawa, ba a wuce ba.

Ƙamshinsa kuwa rigima ce a gidanmu. Ni turare nake ji. Hajiya ta ce warin garke take ji, kuma ba ta yi ƙarya ba, akwai wani sinadari a furen mai suna indol wanda ake samu har a kashin dabbobi. Ku fara da guda uku kafin ku cika falo.

Idan furen ya bushe, albasar ta gama cinye rumbunta, ba za ta sake yi muku a ruwa ba. A ƙulle ta a leda a jefa a shara, inda yaro ko akuyar maƙwabta ba za su kai ba. Tsakuwar a wanke a ajiye.

Ƙanwata, kashe haka nan, ki buɗe taga. Bari in fita da wannan ta hagun.