Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu Daga Matasa Masu Koyon Gina Shafukan Intanet a Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, iyayenmu masu unguwanni, malamai da ɗalibai, a madadin kwamitin shirya wannan taro muna yi wa kowa barka da zuwa. Ranka ya daɗe, barka da dawowa gida. Tun kafin mu yi nisa za mu faɗi abin da ke ranmu: wutar sola muke roƙo a wannan ɗakin karatu.

Tarihinka ba ɓoyayye ba ne. A shagon intanet na garin nan ka fara, lokacin da ake biyan kuɗin awa kafin a taɓa kwamfuta. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, kana cikin waɗanda suka fara gane cewa ta waya talaka zai shiga intanet, don haka ka duƙufa kan shafukan da ke daidaita kansu da ƙaramin gilashi, masu hotuna marasa nauyi, waɗanda ke buɗewa ko da sabis ya yi rauni, ba tare da sun cinye wa mutum data ba. Daga wajenka muka koyi gwada kowane shafi a wayar da ta fi arha, mu tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, ba su koma akwatuna ba.

Yallaɓai, Jos ba baƙuwar ci gaba ba ce. Albarkacin haƙar kuza, tun 1929 aka soma aikin samar da lantarki daga ruwan Kurra, a zamanin da manyan garuruwa da yawa suke kwana da fitilar aci-bal-bal. A garin nan aka fara watsa talabijin mai launi a ƙasar nan, kuma muna da jami'armu tun 1975. Amma babbar kasuwarmu ta Terminus ta ƙone a 2002, jarin iyayenmu da dama ya tafi da ita, rikice-rikice suka kori masu zuba jari, mu kuma muka taso muna kallon ƙwararrunmu suna kama hanyar Abuja da Legas ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne garin da ya riga wasu ganin lantarki yau 'ya'yansa ke yawo da caja suna neman inda za su jona.

Duk da haka ba mu naɗe hannu ba. Wata ɗalibarmu ta gina wa mahaifinta, mai sayar da dankali da kabeji a Farin Gada, shafin da 'yan kasuwa ke duba farashi ta waya kafin su turo mota. Sau biyu aikin yana lalacewa a hannunta saboda janareta ya mutu tana tsakiyar rubutu, kuma da kuɗin abincinta ta sayi man da ta ƙarasa shi.

Shi ya sa muke sake roƙonka, ranka ya daɗe, don girman Allah ka taimaka mana da farantan sola da batura da inbata. Muna son ƙarin kwamfutoci, muna kuma fatan ka riƙa ɗaukar ɗalibanmu koyon aiki, amma waɗannan za su iya jira, wutar ce ba za ta jira ba. Takardar kiyasin kuɗin tana hannun sakatarenmu, kuma muna roƙon ka karɓe ta da hannunka kafin ka tashi.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.