Ranar Waitangi: Hutun da Ba Ya Rabuwa da Gardama

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

A ƙasar New Zealand, ranar 6 ga Fabrairu hutu ce ta ƙasa baki ɗaya, ana ce mata Ranar Waitangi. A irin wannan rana a 1840, wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, ya zauna da sarakunan Maori, 'yan asalin ƙasar, a wani wuri a bakin teku mai suna Waitangi, aka ƙulla yarjejeniya. Sarakuna wajen 40 suka sa hannu a ranar. Aka yi ta yawo da takardar gari-gari har masu sa hannu suka haura 500.

Tun daga nan aka samu matsala. Wani ɗan mishan, Henry Williams, shi da ɗansa suka mayar da rubutun zuwa harshen Maori cikin dare ɗaya. Na Turanci ya ce sarakuna sun miƙa mulki kacokan. Na Maori kuwa, wanda kusan dukkansu shi suka sa wa hannu, ya ba Sarauniya ikon gudanar da gwamnati ne, ya kuma tabbatar wa sarakuna sarautarsu a kan ƙasarsu da dukiyarsu.

Ba a je ko'ina ba aka ga abin da Turawa ke nufi. Hone Heke, wanda shi ya fara sa hannu, shi ne ya sare sandar tutar Ingila a garin Kororareka har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845. Yaƙi ya ɓarke. A 1863 aka yi dokar ƙwace filaye, mutanen Waikato da Taranaki suka rasa ƙasa mai ɗimbin yawa. A 1877 Alƙalin Alƙalai James Prendergast ya ce yarjejeniyar ba ta da wata ƙima a shari'a. Ita kanta takardar, a 1908 aka tsince ta a ɗakin ajiya na gwamnati, ruwa ya ɓata ta, ɓeraye sun ci gefenta. Mu da kamfanin Turawa ya zo wa da takardar yarjejeniya a Sakkwato a 1885, sannan aka dawo mana da bindiga a 1903, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da ya sa na zaɓi batun nan shi ne, Maori sun ƙi barin takardar ta mutu. A 1975 wata dattijuwa, Whina Cooper, tana da shekara 79, ta jagoranci tattaki daga ƙarshen arewacin ƙasar har majalisa a Wellington, suna cewa kada a sake taɓa ko eka ɗaya. A shekarar aka kafa Hukumar Waitangi mai sauraron koke-koke, a 1985 aka ba ta ikon tono ƙorafi tun daga 1840. A 1995 aka biya ƙabilar Waikato diyyar dalar New Zealand miliyan 170, Sarauniya Elizabeth ta sa hannu da kanta a kan dokar da ke ɗauke da neman afuwa. Kuɗin bai kama ƙafar abin da aka ƙwace ba, amma an amsa laifi a rubuce.

Ranar ta zama hutun ƙasa a 1974. Ana fara ta da addu'ar asuba a Waitangi, matasa su tuƙa manyan kwale-kwalen yaƙi na gargajiya, kafin ranar kuma 'yan siyasa kan zauna a gaban dattawa a faɗa musu gaskiya ido da ido. Wasu na ganin wannan ɓata biki ne. Ni a ganina shi ne amfanin ranar, domin alkawarin da aka daina tuhumar cika shi ya riga ya mutu.

Kuma har gobe maganar ba ta ƙare ba. A 2024 aka kawo ƙudurin sake fassara manufofin yarjejeniyar, dubban mutane suka sake yin tattaki zuwa Wellington. A watan Afrilun 2025 majalisa ta yi watsi da shi da ƙuri'a 112, masu goyon baya 11.

Na gode. Mai tambaya ya ɗaga hannu.