Wasiyyar Hugh Lane da Zanuka 39

Ranar 7 ga Mayu, 1915, wani jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin fasinja Lusitania a kusa da gaɓar Cork, kudancin Ireland. Cikin waɗanda suka rasu har da Hugh Lane, dillalin zane-zane ɗan shekara 39. Ya bar wata 'yar takarda da ta haɗa Dublin da Landan rigima ta shekara arba'in da ɗoriya.

Bari mu ɗan koma baya, masu kallo. A Landan Lane ya yi arzikinsa, yana saye da sayar da tsofaffin zanuka. A 1901 ya je Dublin ya ga baje kolin ayyukan Nathaniel Hone da John Butler Yeats, sai abu ɗaya ya tsaya masa a rai: matashin mai zane a Ireland ba shi da inda zai ga aikin zamani da idonsa sai ya haye teku. Ya shiga sayen ayyukan Faransawa irin su Manet, Monet da Renoir. A Janairun 1908 ya buɗe gidan zanen zamani na birnin Dublin a titin Harcourt, a wani gida na wucin gadi.

Sharaɗinsa na bar wa Dublin zanukan ɗaya ne, a gina musu mazauni na dindindin. Masanin tsara gine-gine Edwin Lutyens ya tsara gini a kan gada bisa kogin Liffey, majalisar birni ta yi watsi da shi a 1913. Ran Lane ya ɓaci, ya kwashe zanuka 39 ya yi wasiyyarsu ga gidan zanen ƙasa na Landan.

Daga baya zuciyarsa ta huce. A Fabrairun 1915 ya rubuta ƙari a wasiyyar cewa a mayar da su Dublin, ya sa hannu, amma babu shaida ko ɗaya. A ido na doka takardar ba ta da ƙarfi, Landan ta riƙe kayan. Ni a ganina an bi doka, amma an danne nufin mamaci. 'Yar'uwar mahaifiyarsa Lady Gregory ta yi ta fafutuka a kan maganar har ta rasu a 1932.

A 1956 wasu ɗalibai biyu 'yan Ireland suka sauke zanen Berthe Morisot, ɗaya daga cikin zanukan 39, daga bangon gidan zane na Tate a Landan da rana tsaka suka fice da shi, don duniya ta ji kukansu. Bayan 'yan kwanaki aka mayar. A 1959 aka yi sulhu cewa zanukan su riƙa zama nan da can, karɓa-karɓa.

Tun 1933 gidan da Lane ya kafa yake a dandalin Parnell, yau kuma sunansa yake ɗauke da shi. A can ne aka sake kafa ɗakin aikin mai zane Francis Bacon, haifaffen Dublin, da tarkacensa sama da 7,000, aka buɗe wa jama'a a 2001.