Toka a gona: wuta ba ta ƙone guba

Ka ƙona itace kilo 100, ka auna abin da ya rage. Tokar ba ta cika wuce kilo 2 ko 3 ba. Ruwa da hayaƙi sun tashi sama, amma ma'adinan da bishiyar ta yi shekaru tana tsotsa daga ƙasa suna nan, sun dunƙule a cikin wannan ɗan gari. Daga nan amfanin toka ya fito, daga nan kuma haɗarinta.

Tokar itace mai tsabta tana ɗauke da kalsiyom da fotashiyom, kuma tana rage tsamin ƙasa kamar yadda farar ƙasa ke yi. Sai dai babu naitirojin a cikinta, ya tafi da hayaƙi. Idan aka yi ta zuba ta shekara da shekaru a wuri guda, tsamin ƙasar yakan ragu fiye da kima, shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe da zinki, ganye ya yi rawaya, mai gona ya ɗauka yunwar taki ce. In kuwa ka haɗa ta da yuriya, naitirojin ɗin da ka saya zai bi iska. Ko a itacen daji ma akwai ɗan kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, kuma ƙoda ce ke tara shi a jikin mutum.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne katako. Akwai wanda ake jiƙawa da magani don kada gara ta ci, sau da yawa za ka gan shi da ɗan launin kore. Wannan magani haɗin tagulla ne da kuromiyom da arsenik, wani sinadari mai guba. A Amurka an daina amfani da shi a katakon gidaje tun ƙarshen 2003, amma tsofaffin shinge da turaku suna nan birjik a duniya. Ka ƙona su, arsenik ɗin ya taru a toka. Tsohon fenti kuma yakan bar darma. Roba da leda, in sun shiga wutar, suna iya haifar da gubar dayoksin, wadda kaji ke tsinta a ƙasa ta ƙare a cikin ƙwai.

Sai kwal. A kula, ba gawayi nake nufi ba. Gawayi itace ne. Kwal kuwa haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa, kuma tokarsa na ɗauke da arsenik, darma, zaiba, seleniyom da boron. Abincin shuka a cikinta kaɗan ne, bai kai a ɗauki kasadar ba. A Disamban 2008, bangon wani tafkin ajiyar toka ya fashe a tashar lantarki ta Kingston da ke jihar Tennessee a Amurka. Fiye da galan biliyan 1 na taɓon toka ya malale kan kusan eka 300, ya rushe gidaje, ya shiga kogin Emory. An kwashe shekaru ana aikin sharewa.

Bokitin da ake juyewa a bayan gida bai kai wannan ba, amma hanyar ɗaya ce. Ruwan sama ya wanke wani kaso zuwa rijiya. Ganyayyaki su ja wani. Yaro ya yi wasa a wurin, ya kai hannu baki, alhali babu wani adadin darma da likitoci suka yarda ba shi da illa ga ƙwaƙwalwar yaro.

Don haka kafin ka watsa, tambayi kanka me aka ƙona. In itace ne zalla, auna tsamin ƙasar tukuna, ka barbaɗa shara-shara, nesa da iri mai tsiro. In akwai kwal, fenti, roba ko katako mai magani, bar tokar ta huce sarai, ka ɗaure ta a buhu ta tafi wurin zubar da shara. Gonar da aka daɗe ana zuba mata irin wannan toka kuwa, a kai samfurin ƙasarta ɗakin gwaji kafin a sake shuka abin ci, domin darma ba ta ruɓewa, tana iya zama a saman ƙasa ɗaruruwan shekaru.