Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kitsen da Muka Ci Yake Zuwa?

Wani mai sauraro daga Ringim ya rubuto cewa an ɗebi jininsa a asibiti bayan ya ci balangu, sai ruwan jinin ya fito fari-fari kamar madara. Yana tambaya, shin kitsen ne, kuma yana da illa?

Malam, kitsen ne. Ƙaramin hanji ke dunƙule shi ƙwayoyi-ƙwayoyi, waɗanda likitoci ke kira kailomaikuron, ya tura su cikin jini. Sukan fi yawa awa 3 zuwa 5 bayan cin abinci, kuma ga mai lafiya, wajen awa 8 jini ya washe. Tsoka da ma'ajiyar kitsen jiki su ɗebi rabonsu, hanta ta kwashe ragowar.

To, ragowar nan ce abin dubawa. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Ita ke fitar da sinadarin naitirik oksaid da ke sa jijiya ta saki, jini ya wuce ba tare da ya daskare ba. Bayan cin maiƙo mai yawa, wannan aiki yakan yi rauni na 'yan awoyi. Ragowar ƙwayoyin kuma, da yake sun ƙanƙance, sukan kutsa ƙarƙashin shimfiɗar su ajiye kolestarol, wurin ya kumbura. Shekara da shekaru ana haka, hanya ta ƙuntata.

Cin balangu sau ɗaya ba ya toshe jijiya. Matsalar ita ce ƙosai da safe, tuwo da man shanu da rana, tsire da dare: jinin bai washe ba an ƙara masa. Ga mai ciwon suga ko mai teɓa, kwashewar ma jinkiri take yi, taba sigari kuma tana ƙara raunata shimfiɗar.

A yanke farin kitse kafin gashi. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, man shanu ya fi haka, na man gyaɗa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Tafiya da sauri ta minti 30 zuwa awa guda tana hanzarta kwashewar, aikin gona ma haka.

Wata baiwar Allah daga Bichi kuma ta tambayi yadda ake gwajin kitsen jini. Hajiya, in an ce a zo ba a karya ba, a yi awa 9 zuwa 12 ruwa kawai ake sha. Tiragiliserayid, wato kitsen da ake aunawa a jini, ƙasa da 150 mg/dL lafiya lau ne. Ya kai 500, a ga likita da gaggawa, domin yana iya kumbura gaɓar da ke samar da insulin, wato fankiriyas (pancreas).