Idan bokan wasanku ya fi ƙarfin kowa, ya za a yi da shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. A kan tabarma a gindin darbejiya muke zama mu biyar duk Juma'a bayan la'asar a ƙauyenmu nan gefen Ringim, muna buga Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san shi ba, wasan labari ne kamar tatsuniya amma da takarda da biro da dayis, mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa da jaruminsa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, mu bugu na biyar na 2014 muke bi. Kuma tun kafin wani ya tambaya, bokan da zan yi magana a kansa lambobi ne kawai a takarda, ba abin da ake karantawa ba abin da ake kira.

To ga abin da ya faru. Ƙanina ne ke riƙe da boka, ranar da ya kai mataki na 5 ya samu tsafin nan da ake kira Fireball, mu dai dunƙulen wuta muke ce masa. Kwana biyu na yi ina shirya faɗa, ƴan fashi tara sun tare hanya, kafin in gama bayanin inda kowa ya tsaya yaron nan ya kwashi dayis ɗin ludo takwas da muka aro gida-gida ya watsa a faifai, shikenan an gama. Abokinmu mai gyaran babur, shi ke riƙe da mai takobi, ko zare takobin bai yi ba, ya ture takardarsa gefe ya ce to mu me muka zo yi? Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don mutum ne da ke rufe shagonsa da wuri saboda wannan zaman.

Bari mu yi lissafi ku gani. Dayis ɗaya mai fuska shida matsakaicinsa uku da rabi ne, sau takwas 28 kenan, ɓarnar da wutar ke yi wa duk wanda ta samu. Wanda ya yi sa'ar kaucewa rabi zai sha, 14, alhali ɗan fashi a littafin wasan ransa 11 ne, wato ɓarnar 11 ke kayar da shi, kun ga ko ya kauce yawanci ya tafi. Sannan wutar tana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare daga tsakiya, faɗin ƙafa 40, wajen rabin filoti hamsin-hamsin kenan, kuma daga nisan ƙafa 150 ake iya harba ta. Shi kuwa mai babban takobi sara biyu gare shi, kowanne wajen 11, in duka sun samu 22, a kan mutum ɗaya ko biyu. Har ma a littafin mai jan labari na 2014 akwai jadawalin da ya ce tsafin daraja ta 3 mai cin mutane da yawa, irin dunƙulen wutar nan, dayis shida ya kamace shi, wato 21. To eh, ƙorafin abokina yana kan hanya, abin ya ɗara sa'o'insa.

Abin da ya fara zo min shi ne in rage dayis ɗin kawai in huta. Amma da na zauna na sake dubawa sai na ga gyaran yana wajena ne. Boka a mataki na 5 sau biyu kacal zai iya harba wannan wutar, in ya ɗan huta ya maido ɗaya, uku kenan, daga nan sai ya yi dogon hutun awa 8. Littafin kuma an gina shi ne a kan faɗa shida zuwa takwas a yini guda na cikin labari. Ni kuwa faɗa ɗaya nake ba su sai su ce sun kwanta barci, gari ya waye boka ya cika fam. Mai takobi da ba ya ƙarewa, ƙarfinsa sai a faɗa na huɗu yake fitowa, lokacin da boka ya zazzage aljihu.

Daga la'asar zuwa magariba ba za mu iya faɗa takwas ba, wannan gaskiya ne, sai na bar yini ɗaya na labari ya ratsa zama biyu ko uku, ba barci sai sun isa gari.

Na biyu kuma, wanda na fi so, a rubuce yake cewa wutar nan tana kama duk abin da zai iya ci wanda ba a jikin mutum yake ba. Mu da muka san gobarar hunturu, kara a jingine, danga a bushe, iska na kaɗawa, ba sai an mana bayani ba. Sai na sa ƴan fashin suka shiga tsakiyar rumbunan wani ƙauye bayan girbi, a warwatse ba a dunƙule ba. Ƙanina ya riƙe dayis takwas a hannu yana jujjuyawa, can ya ɗago ya ce Yaya, in na harba hatsin mutanen nan zai tafi ko? Na ce zai tafi duka. Ya ajiye su a hankali ya kalli mai gyaran babur ya ce Oga, shiga gaba ina bayanka.

Amma don Allah kar ku wuce gona da iri. Akwai dodannin da wuta ba ta taɓa su, akwai Counterspell mai kashe tsafi tun kafin ya fita, in ka cika kowane faɗa da su ka zalunci yaron, zama nawa ya yi yana jiran wannan matakin. Lokaci-lokaci ni da kaina nake tara masa maƙiya a fili fetal ya watsa dayis ɗinsa kowa ya yi ihu.

Rage lamba sai in tsafin ku kuka ƙirƙiro da kanku, shi ne za ku gwada shi da jadawalin can. Ko shi ma ka fara samun mai shi ku biyu kafin a shimfiɗa tabarma, ku yarda za a gwada zama uku a gani, kar ya tsinci maganar a tsakiyar faɗa dayis na hannunsa.