Muryar Wa Ke Fita Daga Bakin Annabi? Tambayar 'Yan Nostik

A ƙarshen 1945, wani manomi kusa da garin Nag Hammadi a kudancin Masar yana haƙar ƙasar taki, sai ya ci karo da tulu a rufe. A ciki akwai littattafai 13 masu bangon fata, rubuce da harshen Kibɗawa. Ta hanyarsu ne muka ji 'yan Nostik daga bakinsu, waɗancan ƙungiyoyi da suka bunƙasa cikin Kiristocin ƙarni na 2.

Aƙidarsu tana da nauyin ji. Sun ce wanda ya halicci duniyar nan ba shi ne Allah Maɗaukaki ba, wani ƙaramin mai iko ne jahili, wasu na kiransa Yaldabawot. To idan haka ne, wa ya aiko annabawan Bani Isra'ila?

A Littafin Asirin Yohanna, ɗaya daga cikin rubuce-rubucensu, sau da yawa za ka ga an ce: ba kamar yadda Musa ya faɗa ba. Har kalmar da ke cikin littafin Ishaya, "Ni ne Allah, babu wani sai ni", sun mayar da ita fariyar Yaldabawot. Wani rubutun da aka jingina wa Shitu ya fi zafi, ya kira Ibrahim da Dawuda da Musa abin dariya. Ba mamaki malaman coci suka yi musu ca.

Amma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Iraniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa wata ƙungiyarsu ta raba annabawan tsakanin masu iko bakwai: Musa da Amos na Yaldabawot, Ishaya da Daniyel na Adonai. Duk da haka, a cewarsu, Hikima, wata halitta ta sama wadda suke ɗauka uwar Yaldabawot, takan saka maganarta a bakin annabawan ba tare da masu ikon sun gane ba. A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, domin aikin mai karatu ya koma tankaɗe da rairaya.

Batlamiyus, almajirin Balantinus, wani babban malamin 'yan Nostik, ya yi irin wannan a wasiƙarsa ga wata mata mai suna Flora. Ya kasa Attaura kashi uku: na mahalicci, na Musa da kansa, da na dattawa. Misalinsa shi ne sakin aure. Ya ce Musa ne ya halatta shi, saboda taurin zuciyar mutanensa.